Ledar Ɗakin Baya

Mai tayil ya ƙwanƙwasa daɓen ɗakin baya da ƙotar guduma, ƙasa ta amsa kamar ganga. Ya ce tsohuwar rijiya ce aka rufe da katako aka shafe da siminti, kuma katakon ya fara ruɓewa. Sai an fasa an cike, in ba haka ba, ba da shi ba.

Gumin Gwaggo Tela na shekaru a kan keken ɗinki ne ya zama wannan gida, na farko da za ta sa haya, kuma ƙarfinta ya ƙare. 'Yarta ta roƙe ta ta bari ita da mijinta su sa hannu, amma Gwaggo irin matan nan ce da gara su kwana da yunwa da su ci na suruki. Ta ce su ji da neman gidan da za su koma tukuna.

Sai ta nufi kasuwa. Kafet tsada, tayil kuwa zai tsage ya tona asiri. Ta zaɓi leda mai kauri mai zanen katako, ta shimfiɗa da hannunta, ta manne gefe-gefe. Ɗaki ya fito tsaf. Tsakiyar ce dai ba ta yarda ta taka ba.

Ba a jima ba dillali ya zo baki har kunne: an kama gida, ko tayi ba a yi ba. Masu hayar sun ce ba sai an haɗu yanzu ba. Hakan ya yi wa Gwaggo daidai, don fuskar da ba ka sani ba ba ta hana ka sukuni. Ta yi wa kanta alkawarin gyara in ta samu sarari.

Damina ta kankama. Duk sanda hadari ya haɗo sai tsoro ya kama ta, ta tuna katakon nan yana shan ruwa. Ranar da aka wuni ana tsugawa, tana zaune ta kasa ko zura zare, waya ta yi ƙara. 'Yarta ce, tana dariya.

"Mama, kar ki yi faɗa. Mun san ba za ki karɓa daga hannunmu ba, shi ya sa muka bi ta dillali. Mun tare. Ga jikanki can a ɗakin baya yana ta tsalle, wai ƙasa lilo take yi."