Taswirar Ƙwaƙwalwar Ɓeran da Aka Sa Barci

Ajiye allurar barcin nan, Malam Tasi'u, ka zauna in ba ka misali, don na ga kai ma motsin ɓera ya fara ƙular da kai.

An yi wani mai bincike da ya so ya zana taswirar ƙwaƙwalwar ɓera, wato ya gano waɗanne sassa ne ke tashi aiki tare kamar 'yan gayya, waɗanne kuma ba ruwansu da juna. Ya reni ɓeraye masu ciwon mantuwa da wasu masu lafiya, yana ba su abinci yana share musu keji har suka tsufa, don ya ga wace hanya ciwon ya yanke a cikin kai. Digirinsa kacokan a kan tsofaffin nan ya rataya. To amma ɓera ɓera ne. Da an sa shi cikin na'urar ɗaukar hoto sai ya motsa gashin baki, ya mutsuttsuka, hoto ya fito dishi-dishi. Ka ce bawan Allah zai lallaɓa su har su saba da na'urar, ko ya ba su maganin barci daidai gwargwado? Ina! Sai ya ƙara magani. Ya ga sauran ɗan motsi, ya sake ƙarawa. Hoto ya fito tas, har yana leƙa ɗakunan abokai yana cewa, "Ku zo ku ga aiki!"

Ranar da ya jera taswirar masu ciwo da ta masu lafiya, sai ya gan su kamar an tsaga kara. Yo ina bambanci zai fito? Ƙwaƙwalwar da aka danne da magani gaba ɗayanta take tashi ta kwanta. Ka shiga gari kowa na minshari, sannan ka ce za ka san wa ke gaisawa da wa? Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ya ruga keji zai sake gwaji, ya tarar tsufa ya riga shi: wasu sun mutu, sauran ko ɗigon magani ba za su ƙara ɗauka ba. Haka ya kawo 'ya'yan ɓeraye jajaye, ko ido ba su buɗe ba, ya zauna jiran su tsufa. Abokan karatunsa suka gama, suka bar shi da sharar keji.

Irinsa masu iya magana suke nufi da suka ce, garin neman gira an rasa ido.