Haruffa Biyu a Jikin Buhu

Buhun shinkafar da mai kurkura ya sauke a zauren Malam Jaji wannan watan ya zo da rubutu a jikinsa. Da shuɗin fenti aka yi shi, a karkace: SO.

Malam ya gyara zaman tabarau ya sake dubawa. Shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci a Kura kafin ya yi ritaya, kuma duk ɗalibin da ya kuskura ya yi Hausa a ajinsa sai ya sha durƙuso. Shinkafar kuwa daga wurin Hajiya Raliya take, wadda tun rasuwar mijinta take turara shinkafa tana sayarwa a bakin kanal ɗin ban-ruwa. Kowane wata sai Malam ya aika a kawo masa buhu guda. Gwauro, shi kaɗai a gida, ina zai kai shinkafa haka? Maƙwabta ke shan gara. Maganar gaskiya, son Raliya yake yi, amma bakin nan da ya saba zuba dogon Turanci ya kasa faɗa.

Bai ko karya kumallo ba ya nufi rumfar amininsa Hambali, mai gyaran injin ban-ruwa.

"Kalma ce mai tarihi," in ji Malam, yana lissafi da yatsu. "A tsohon Turanci swa ake ce mata. Takan zama saboda haka. Takan zama ƙwarai. In an ɗaga murya ta koma to, sai me? In kuma gajarta suna ne, akwai Es-O na ofishin 'yan sanda, akwai wadda 'yan kanti ke rubutawa in kaya sun ƙare."

"To wanne Hajiya take nufi?"

Malam ya sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa. "Hajiya ba ta jin Turanci, Hambali."

Hambali ya ajiye sifana ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Yau ga ikon Allah! Hausar da ka hana 'ya'yanmu ita za ta yi maka aure? Kai dai je ka tambaye ta. Amma ka yi sauri, tunda ta sayi sabon sikelin nan ta daina awo da kwano ta koma kilo, 'yan kasuwar birni sun yi mata caa."

Tambaya? Mutumin da ya gyara jarrabawar yara dubu ya je tambayar ma'anar haruffa biyu? Malam ya juye shinkafar a daro, ya samo alli ya rubuta a ƙarƙashin rubutun nata: NI MA. Ya ba mai kurkura buhun ya mayar.

Kwana uku shiru. A na huɗu ya ƙagu, ya aika a kawo wani buhun. Shi ma ya zo da SO, wannan karon ma ya fi girma. Shi ke nan! Kafin Juma'a majalisar unguwa duk ta ji. Malam ya ɗinka sabuwar shadda, ya sanar da yayansa na Bunkure ya zauna da shirin zuwa neman aure.

Ranar Asabar bayan la'asar ya yi sallama a filin Raliya. Mata na ta baza shinkafa a tamfol, tukwane na tururi. Ta taso da fara'a tana goge hannu da mayafi.

"Malam da kanka? Sannu da zuwa. Dama ina son in tambaye ka, wace ce Nima? Na ga an rubuto sunanta a buhunka."

Idonsa na kan rumfar da ke bayanta. Buhuna ne jere, sun fi sittin, kowanne da shuɗin fenti a karkace. SO. SO. SO. Kishi ya turnuƙe shi.

"Hajiya, duk waɗannan kuma na su wane ne?"

"Na wani Alhaji ne a birni. In sun yi maka nauyi, Malam, akwai rabinsu, ga su can."

Malam ya juya inda ta nuna. Ƙananan buhuna ne jere a gefen sikeli, da fentin nan, da hannun nan, kowanne an rubuta masa 25.