Ɗaurin Akwatin Ramlat

Bayan la'asar Ramlat ta jawo akwatinta zuwa shagon kago da ke lungun Naif, a ƙasar Larabawan da suke zaune, inda Mu'awiya yake ɗaure wa 'yan kasuwa kaya. Jibi za ta tashi Amurka, jami'arsu ta tura ta karatun zango ɗaya.

Ya ɗora akwatin a sikeli, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Me kika zuba haka, duwatsu?"

"Rigunan sanyi ne, sai yajin da Umma ta daka. An ce abincinsu lami ne."

Ya yi ta naɗa wa akwatin leda har sai da ta ce ya isa. Ya rubuta sunanta a jiki, a ƙasa ya sa KANO, yadda hannunsa ya saba.

Ta yi dariya. "Malam, ba Kano za ni ba."

"Ni ne za ni." Muryarsa ta yi ƙasa. "Maigida ya ce ba zai sabunta min biza ba. Khalas, magana ta ƙare. Ƙarshen wata zan bar ƙasar."

Ta damƙe bakin mayafinta. "Ka ce in na dawo za ka turo manya wajen Abba."

"Na faɗa."

"To in fasa tafiyar?"

"Ko kin fasa, ba za a bar ni in zauna ba, Ramlat."

Ta yi salati a hankali. Ya saɓa akwatin a kafaɗa, tana biye da shi har bakin titi. Tasi suka yi ta wucewa babu fasinja, amma daga shi har ita ba wanda ya ɗaga hannu ya tsayar da ko ɗaya.