Gafakar Malam Mailafiya

Badamasi ya sa reza a ɗinkin gafakar. Shekara talatin da rasuwar mahaifinsa, Malam Mailafiya, ba wanda ya taɓa buɗe ta. Tsohon da kansa ya ɗinke bakinta da jijiya, ya ce littafin ilimi ne, albarkarsa a rufe take.

Ai kuwa an sha albarka. Duk jaririn da aka haifa a lungunsu na Misfala, cikin Makka, sai an ɗora masa gafakar a ka ranar suna. Badamasi ya cika baki da ita har a gaban Larabawa. Ubansa fa da ƙafa ya zo Makka, ta Chadi da Sudan, malami ne na gaske, tawali'u ne kawai ya hana shi jan salla ko sau ɗaya. Ran Lahadi ba ya buɗe rumfar ɗinkinsa, wai hutun ido. In ya sayi dabino goma, ɗaya na mabukata ne, kuma haka gidan ke yi har gobe.

Amma albarka ba ta zama iƙama, takardar izinin zama, ba. A Makka aka haifi Badamasi, a nan ya yi furfura, ba shi da takarda ko ta sayen layin waya. 'Yarsa Lujain ma haka. Yanzu an buɗe ƙofar gyara zama, sai dai ana son fasfo, masu fasfo kuma suna son wata shaida mai sunan uba da garinsu na asali. Saura kwana huɗu a rufe. Ya zazzage akwatuna, ya bi tsofaffin unguwar Hindawiyya gida-gida. Waɗanda suka san Malam duk suna maƙabarta. Gafakar kaɗai ta rage.

Jijiyar ta tsinke. Littafi ne mai bangon fata, ya ci shekara ɗari biyu, takardunsa sun yi ja kamar shayi. Ba baƙin Larabci ko ɗaya. Turanci ne zalla.

Lujain ta haska masa wayarta, wayar ta juya rubutun zuwa Larabci. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Bugun Landan ne. Dokokin ushirin coci ne, kashi ɗaya cikin goma na hatsi da tumaki da ulu, da ayyukan da ke wuyan limaman Kirista.

Badamasi ya tashi ya rufe taga. Abin da aka yi ta ɗora wa 'ya'yan mutane a ka ke nan, a nan, tafiyar minti goma da Harami. Ba ya sayuwa, ba ya nunuwa, ko a shara ba ya jefuwa. Ya ce lalle wani Bature ne ya ba Malam a Hartum, shi kuma ya adana don ya san hujjar da zai ka da Kiristoci da ita. Ya faɗa sau biyu.

Lujain na juya bangon baya sai ta yi tsalle, ta kira ubanta.

“Abuya, halas, shi ke nan, mun samu! Ga suna, ga hatimi, ga Zariya, ga shekara. Har da hoto.”

Takarda ce manne da bango, duk abin da ofishin fasfo ke nema yana jikinta. Gobe da safe in ya miƙa ta, shi da 'yarsa sun zama mutane. Ya karɓa ya kai kusa da ido.

“Wannan da Hausa aka rubuta, ban iya sosai ba,” in ji Lujain, tana bin baƙaƙen da yatsa. “Kyauta ga Ra-ba-ran Bulus Mailafiya, ranar naɗinsa.”

A hoton, mahaifinsa ne yana saurayi, tsaye a ƙofar coci, da farin wuyan riga da gicciye a ƙirji.