Ƙusar Agwagwa

Babu Agwagwa a aji ɗaya yanzu. Zazzaɓin kwana uku ya tafi da ita, yau sati biyu ke nan.

Ba shi ne sunanta na yanka ba. 'Yan aji ɗaya ba su kai ga karanta sunansu ba, don haka Malama ta zana wa kowa hoto a kati, ta manna a saman ƙusar da yake rataye jaka. Akwai Kifi, akwai Tauraro, akwai Keke. Tun ana tsokana har sunayen suka bi su.

Kullum da safe sukan zauna a zagaye kan tabarma. Malama ta gangara ƙwallo, wanda ta je wa ya ce, "Na zo!" Sai a ƙirga marafan kwalba goma-goma, a rubuta baƙaƙe da yatsa a tiren yashi, a yi layin wanke hannu. Agwagwa ke riga kowa zuwa, ita ke shimfiɗa tabarmar. Amma in ta ɗaga hannu, sau da yawa wani Malama ke kira. Ranar da ta kwantar da kai a cinyar Malama ana tsakar ba da labari, ɗaga ta aka yi.

"Zauna daidai. Ku talatin ne, cinyata biyu ce."

Sai daga baya Malama ta tuna kan yarinyar da zafi yake.

Tun da ta rasu yaran ke barin giɓi a tabarma. In wani ya gusa, Keke ya daka masa tsawa: "Matsa can, sarkin ƙiba, wurin Agwagwa ne!" Sau biyu hannun Malama ya kuskure, ƙwallon ta bi ta giɓin ta daki bango. Ba wanda ya tashi ɗaukowa.

Ranar Litinin hedimasta ya shigo riƙe da hannun wata sabuwar yarinya. Ya dubi bango, ya yi ƙasa da murya.

"Malama, ƙusa ɗaya ce ta rage. In da nauyi, in sa wani ya cire katin."

"A bar mini, Malam."

Amma har aka fita hutun tara ba ta cire ba. Yarinyar ta yi ƙirga, ta yi rubutun yashi da hannu ɗaya, ɗayan na rungume da jakarta. Da Malama ta ga haka sai ta sa farce a gefen katin. Gam ɗin ya kama sosai, ita ta shafa shi da kanta.

Kifi ya ja mata mayafi. "Malama, in ta dawo fa? Ina za ta rataye?"

"Ba za ta dawo ba, Kifi."

Ba ta taɓa faɗa da bakinta ba sai ranar. Ta juya ga baƙuwar. "Ke me za a zana miki?"

"Mage," in ji yarinyar. Aka cire katin Agwagwa, aka zana mage, jaka ta hau ƙusa.

Da aka tashi, uwar baƙuwar ta zo ɗaukarta. Ta ga katin Agwagwa a kan tebur, tare da kofi da littafin zane a cikin leda.

"Ashe rasuwa aka yi? Wayyo. Iyayen ba su zo karɓar kayan ba ko? Ai da gaskiyarsu. Ni da ni ce uwar, wallahi ko titin makarantar nan ba zan ƙara bi ba."

"Haka ne," in ji Malama.

Ta naɗe tabarmar ita kaɗai, ta kulle aji, ta rungumi ledar ta kama hanyar gida.

Jama'a, ku taya mu da amin. Allah ya sa Agwagwa mai ceto ce, ya ba uwarta ƙarfin zuciya, don gobe ma ita ce za ta buɗe ajin nan, yara talatin su ce mata Malama.