Gida Mai Ƙofa Biyu

Na rantse ko shaidu goma aka jero maka ba za ka yarda da wannan ba, amma haka aka yi.

Ƙwaro mai gyaran takalmi a bakin tasha yake zama, kuma babu abin da ke masa daɗi kamar ya hango baƙo yana juya waya sama da ƙasa. Taswirar waya ai ta masu mota ce. Sai ta kora mai ƙafa babban titi, babu inuwa, babu wurin tsallakawa. Shi kuma Ƙwaro in an tambaye shi, sai ya ƙara wa mutum zagaye. "Ƙafa ta wahala, takalmi ya yage, ni in ci abinci," in ji shi. Aji uku ya yi a makaranta, amma ya ce a fannin tsiya digiri gare shi.

Ran nan wani mutum da jaka a baya, takalminsa duk ya sha hanya, ya tambaye shi ta ina mai ƙafa zai fi saurin kaiwa kasuwa.

"Yallaɓai, rabu da wayar nan. Ni ne taswirar unguwa."

Ya ja shi lungu-lungu har gidan hayar da yake zaune, mai ƙofa biyu: ta gaba na kallon tasha, ta baya na ɓullewa kasuwa. Iya mai gidan ta hana kowa ratsawa, ta kuma ajiye wani talo-talo mai baƙin hali a tsakar gida. Talo-talon nan Ƙwaro yake so ya haɗa da baƙon.

Talo-talo bai ba shi kunya ba, ya fafari mutumin har ƙofar baya. Can baƙon ya tsaya yana haki yana dariya, ya danna wayarsa, ya tambayi Ƙwaro sunansa, har ya roƙi su ɗauki hoto.

Bayan mako biyu gida ya koma titi. 'Yan dako, mata da goyo, masu tura keke, kowa ido a waya. Aka take wa Iya shanya. Wani ya tambaye ta banɗaki. Talo-talo ya bi mutane har ya gaji, ya kwanta yana kallonsu.

Iya ta tara 'yan haya da hantsi. "Wani a cikinku ya nuna wa duniya ƙofata. Ranar da na gano shi, ranar zai kwashe komatsansa."

Ƙwaro ya gyara zama. Shi ai mutum ɗaya tak ya shigo da shi, sauran aikin waya ne, wa zai kama waya?

"Kora kawai, Iya? Ai ya ci bulus. Ya fara share gidan nan wata guda, ya wanke banɗaki, sannan ya fita!"

"Ka yi magana, ɗan albarka."

Ba ta rufe baki ba wata mata ta shigo da kwando a ka. Ta dubi wayarta, ta dubi Ƙwaro, ta saki guɗa.

"Lah, kai ne! Allah ya saka maka, ka raba mu da titin nan!"

Iya ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa wa Ƙwaro tsintsiya. Ga shi nan a ciki, baki har kunne, ya dafa kafaɗar mai jaka, a ƙasa an rubuta: "Hanyar Ƙwaro. Ma'aikacinmu mai zana hanyoyin ƙafa yana godiya ga wanda ya nuna masa ita."