Alwatika Ɗaya a Rufin Soro

Tun da aka hana gini da hannu, na'ura ke ɗora rufin soro a Zariya. Ba ta iya lanƙwasa ba, sai ta yanyanka tulluwar rufin zuwa ƙananan alwatika, duk inda gefuna suka haɗu ta kira mai gida ya amince.

Sallau ya ba na'urar lambar wayar mahaifinsa, Malam Tanimu, domin ɗa ba ya zama mai gida uba na raye. Malam Tanimu ya rasu aikin bai ƙare ba. Saura alwatika ɗaya a tsakiyar rufin, ga hadari yana haɗuwa a gabas.

Ya sami mahaifiyarsa a ɗakin takaba, wayar marigayin a cinyarta.

"Inna, in na'urar ta kira ki ce an amince, shi ke nan. Ruwa zai lalata mana hatsi."

Wayar ta yi ƙara. Muryar na'urar ta yi sallama, ta ce, "Malam Tanimu yana kusa?"

"Ya ɗan fita," in ji Inna. "Ki sake kira."

Ta kashe wayar ba ta dubi ɗanta ba. "Ita kaɗai ke tambayarsa yanzu."

Sallau ya fita neman bokitin tarar ruwa.